Telan Ƙofar Ƙaura da waƙar bikin yayarsa: yadda aka samo kod ɗin da suka zauna da kari

Asalin lamarin: Disamba 2023

Matashin da wannan bayani ya shafa tela ne mai shekara 22, yana ɗinki a wani shago da ke wajen Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina. Bai taɓa zama ajin koyon kiɗa ba. Abin da Allah ya ba shi kunne ne da iya jera kalma. Tun yana Islamiyya shi ake miƙa wa jan baiti ranar sauka. Da aka sa ranar auren yayarsa, Asabar 2 ga Maris 2024, gab da azumi, sai ya ƙudurta shi zai yi mata waƙa da kansa. Ba ya son a kai sunanta situdiyo a dasa a kan kiɗan da aka riga aka yi wa wasu amaren.

A kan keken ɗinki waƙar ta zo masa. Ranar 23 ga Disamba ya ɗauke ta a waya, murya zalla, yana ƙwanƙwasa teburin yanka da almakashi. Baiti biyar ce da amshi, amshin kuma ɗango biyu:

Yaya share hawaye, daina kuka,
Duk gari ya taru yau don rakiyarki.

Gaɓa 23 ke nan. Gudun kiɗan bugu 96 ne a minti. Idan muka kira kowane bugu huɗu awo guda, amshin awo takwas ne, yana cin sakan 20.

Ya ari fiyano ƙirar Yamaha mai maɓalli 61 a wajen wani abokinsa, ya kai ɗakinsa na soro. Cikin mako guda ya iya fitar da karin amshin da hannun dama, a kan fararen maɓallai kaɗai. Da aka zo hannun hagu ne tafiya ta tsaya.

Ga wanda bai saba da harkar ba: kari shi ne hanyar da murya take bi, hawa da sauka, sauti ɗaya bayan ɗaya. Kod kuwa, kamar yadda 'yan situdiyo suke faɗa, sauti uku ne ko fiye da ake dannawa tare a ƙarƙashin muryar, su zame mata shimfiɗa. Kiɗan da muka gada bai ginu a kan wannan ba. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, ya yi fiye da shekara 50 yana waƙa da kalangu da 'yan amshi masu bin murya ɗaya, ba tare da kod ko ɗaya ba, kuma babu wanda ya taɓa jin waƙarsa da giɓi. Tsarin kod daga Turai ya zo. Wani makaɗin Faransa, Jean-Philippe Rameau, shi ya zauna ya rubuta ƙa'idojinsa a 1722, don kiɗa mai tafiya a kan sauti bakwai: do, re, mi, fa, so, la, ti. Mu kuma ya shigo mana sosai ne a shekarun 1990, lokacin da fiyano ta mamaye waƙoƙin fina-finan Hausa.

Ni, mai ɗan situdiyo, sai ranar 10 ga Fabrairu na shigo maganar. Abin da ya gabaci ranar na haɗa shi ne daga bakinsa, da ɗauka 14 da ya ajiye a waya kowace da kwanan watanta, da littafin awon kwastomomi wanda a bayansa yake rubuta kod.

Gwaji na farko: 6 zuwa 19 ga Janairu

A YouTube ya fara nema. Kusan duk bidiyon da ya buɗe abu ɗaya suke koyarwa: kod huɗu, C da G da Am da F, a jere, a yi ta maimaitawa. Masu bidiyon ba ƙarya suka yi ba, ɗaruruwan waƙoƙin Amurka da Ingila a kan wannan jeri suke. Ƙaramin harafin m da ke manne da A yana nufin kod ɗin maino ne, mai ɗan sanyin amo; sauran ukun mejo ne, masu haske.

Mako biyu ya yi yana koya wa hannun hagu, kamar sa'a guda kullum bayan sallar isha'i, in an kawo wuta. Ya ba kowane awo kod ɗaya, jerin ya zagaya sau biyu a amshin. A ɗaukar ranar 12 ga wata ana jin sakamakon sarai. Awo na ɗaya da na biyar sun zauna. Na biyu da na huɗu kuwa, a faɗarsa, kamar an taka wa waƙar ƙafa. Ƙarshen amshin ma bai yi kama da ƙarshe ba, sai ka ji kana jiran wani abin da ba ya zuwa.

Ya ɗauka laifin karin ne. Tunda kod ɗin daga masana suka fito, shi kuwa ba kowa ba, ai muryarsa ce za ta gyaru. Ya shiga sassaƙa karin. Babban canjin a awo na huɗu ya yi shi, inda kalmar "kuka" take. A asali gaɓoɓinta biyu a kan sauti ɗaya suke, mi da mi, ta biyun a ja ta. Sai ya sauko da ta biyun zuwa do, domin do yana cikin kod ɗin F. Karon ya ragu. Zuwa ɗaukar ranar 19 ya taɓa karin a wuri uku, ƙarshen kuma yana nan a rataye.

Gwaji na biyu: 20 ga Janairu zuwa 2 ga Fabrairu

Abokin da ya ba shi aron fiyano ya zo ya saurara, ya ce matsalar a fili take: kod ɗin sun yi kaɗan. Kowane sauti a ba shi nasa. In murya tana kan mi a danna Em, in ta hau so a danna G, re a danna Dm, haka har ƙarshe.

Ta wani ɓangare shawarar ta yi aiki, don karo ya ɓace gaba ɗaya. Ba yadda za a yi sauti ya yi karo da kod ɗin da aka gina a kansa. Amma a sakan 20 hannun hagu sai ya yi ƙaura sau 17. Akwai kiɗan da ake yi wa haka, irin su taken ƙasa, inda kusan kowace gaɓa take da nata kod, jama'a kuma suna tsaye ƙyam ana tafiya a hankali. Waƙar biki da kalangu ba ta da wannan haƙurin. Yatsu uku suna hawa tare suna sauka tare kamar 'yan makaranta a fareti, muryar ta nutse a cikinsu. Hannun ma ya kasa cim ma gudun. Ya rage shi daga bugu 96 zuwa 70, duk da haka akwai inda yake makara, sai ya riƙa jan gaɓa don hannu ya iso. Ɗaya daga cikin gaɓoɓin da ya ja ita ce "ga" ta "gari".

Daren Juma'a 2 ga Fabrairu ya shiga cikin gida ya kunna wa mahaifiyarsu. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a sake. Da aka sake sai ta ce, "Kai, wanga waƙa ta ɗiyata ce ko ta tuwo? Ga gari ga kuka, saura daddawa."

Ya ce, "Inna, ban gane ba."

Ta maimaita masa kalmomin yadda ya rera su. Gari mai gajeren "ga" shi ne inda mutane suke zaune. In aka ja "ga" ya zama garin tuwo. Kukan hawaye gaɓoɓinsa biyu a sama suke. In ta biyun ta faɗo ƙasa an koma kukar miya. Mawaƙa suna da 'yancin ɗan lanƙwasa karin harshe, ana yi, amma a nan kalmomin biyu sun faɗo a wuraren da kunne ya fi tsayawa, kuma a amshi, inda za a yi ta nanatawa. Sannan ta ƙara da tambayar da ta hana shi barci: "Wadda kake yi a kan keke fa, ina ka kai ta? Ta fi wannan."

Gwaji na uku: 3 zuwa 9 ga Fabrairu

Ya sauke wata manhaja a waya, irin wadda ake ba waƙa ta fitar da kod. Ya ba ta ɗaukar 23 ga Disamba. Ta fito masa da kod 11 daban-daban, yawancinsu a kan baƙaƙen maɓallan da bai taɓa dannawa ba, kuma amshi ɗaya ta ba shi amsa iri uku a wurare uku. Dalili biyu muka gano daga baya. A ɗaukar asali muryarsa ba a kan fararen maɓallai take ba, ta fi su ƙasa da rabin taki biyu. Rabin taki shi ne tazarar da ke tsakanin maɓalli da na dab da shi, fari ko baƙi. Shi ne ya ɗaga ta da ya zo fiyano. Sannan da yake babu abin kiɗan da ke riƙe da shi, muryar ta riƙa zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan, kafin baiti na biyar ta sauka kusan rabin taki. Manhajar tana bin abin da ta ji ne. Ya yi mako guda yana ƙoƙarin danna abin da ta rubuta, ya haƙura. Saura kwana 22 biki.

Zama na farko: Asabar 10 ga Fabrairu

Wani maƙwabcinsu da na taɓa yi wa aiki ya rako shi ɗan situdiyona. Ya fara buɗe littafi zai nuna mini kod, na ce ya rufe. Fiyanon ma na kashe ta. Muka saurari ɗaukar Disamba sau uku a jere.

Na tambaye shi, "Ƙanena, a ina waƙar nan take kwana?"

Ya ce, "A kan C mana, Oga, tunda duk farare ne."

Na sa ya rera amshin yadda yake a asali, in ya kai gaɓar ƙarshe ya riƙe ta kada ya saki, sannan ya laluba ta a fiyano. Ya laluba ya samu. Ba do ba ce, wato C; la ce, wato A. Muka bi baitocin biyar, kowanne a kan la ya sauka. Muka ƙirga sautukan da waƙar take amfani da su tun daga farko har ƙarshe, biyar ne: do, re, mi, so, la. Babu fa ko sau ɗaya, babu ti. Da yawa daga cikin waƙoƙinmu na daɓe da na reno da na gaɗa a kan sauti biyar suke yawo, shi ma da su aka goya shi, ba da gangan ya zaɓa ba.

Na yi masa bayanin abin da bidiyoyin suka tsallake. Fararen maɓallan nan gida fiye da ɗaya suke yi wa hidima. Waƙar da take komawa do tana C mejo, wadda take komawa la tana A maino, alhali maɓallan ba su canza ba. Don kunnensa ya shaida da kansa, na danne do ɗaya a ƙasa na riƙe, ya rera amshin a kai. Na sake da la. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Oga, na farkon kamar baƙo ne a tsaye a zaure. Na biyun an ce masa shigo ya zauna."

Aikin gida da na ba shi ɗaya ne. Kwana uku, kod ɗaya tak, Am. Ya danna ya riƙe, ya rera waƙar duka da karinta na asali a gudunta na asali, duk inda ya ji kod ɗin ya takura wa murya ya sa alama da fensir. Bai ji daɗin aikin ba, ya ga kamar an mai da shi baya alhali lokaci yana ƙurewa.

Zama na biyu: Talata 13 ga Fabrairu

Ya dawo da alama biyu masu kauri, a awo na uku da na bakwai, da alamar tambaya a na biyar. Sauran awo biyar babu komai. Wato kod ɗaya ya ɗauki fiye da rabin amshin.

A nan muka zauna da takarda. Ba kowane sauti ne yake da nauyi ɗaya ba. Wanda ya faɗo a bugun farko na awo, da wanda aka ja, su kunne yake riƙewa. Sauran masu wucewa ne, kod ba ya bin su. Muka rubuta sautin bugun farko na kowane awo:

mi, do, re, mi, so, mi, re, la.

Da muka ɗora jerin farko a kan wannan, sai dalilin faɗuwarsa ya fito fili. C shi ne do, mi, so. G shi ne so, ti, re. Am shi ne la, do, mi. F shi ne fa, la, do. A awo uku kaɗai cikin takwas sautin murya ya kasance cikin kod ɗin da aka danna: na ɗaya, na biyar, na takwas. A awo na biyu murya tana kan do, hannun hagu yana danna ti. A na huɗu murya tana riƙe da mi, hannu yana danna fa. Waɗannan su ne wurare biyu a fararen maɓallai inda babu baƙi a tsakani, rabin taki ne kawai. Sauti karkarwa ce ta iska. Mi na tsakiyar fiyano yana karkarwa kusan sau 330 a sakan, fa na gefensa kusan sau 349; sun yi kusa ƙwarai amma ba su haɗu ba, sai su riƙa gogar juna kusan sau 20 a sakan, kunne ya ji ƙaiƙayi. La na ƙasa kuwa sau 220 yake yi, shi da mi biyu-da-uku ne, suna haɗuwa a kai a kai, shi ya sa suke kwanciya tare. Akwai kiɗan da ake neman wannan gogayyar da gangan, tana da daɗinta. Sai dai a nan sautukan biyu masu kawo ta, fa da ti, su ne daidai waɗanda waƙar ba ta da su. Daga waje aka shigo mata da su. Awo na takwas kuma, ko da yake la yana cikin F, ba gidansa ba ne, shi ya sa ƙarshen ya rataye.

Daga nan muka juya tambayar. Maimakon a ce wane kod ake ginawa a kan wannan sauti, sai muka ce waɗanne kod ne suke ɗauke da shi a cikinsu. Mi yana cikin Am da C da Em. Do yana cikin Am da C da F. Re yana cikin G da Dm. So yana cikin C da G da Em. La yana cikin Am da F da Dm. Kowane sauti yana da ƙofa biyu ko uku, ba ɗaya ba kamar yadda abokinsa ya zata. Ƙa'idar da muka bi ita ce a zauna a inda ake muddin murya ba ta koka ba, in ta koka a matsa zuwa mafi kusa.

Awo na ɗaya da na biyu suka zauna a Am. Na uku da na bakwai, masu re, dole G ko Dm. Na biyar mai so ya karɓi C, na shida mai mi ya ci gaba da zama a C ɗin, kuma wannan ya buɗe ɗango na biyu da haske daidai inda ake cewa gari ya taru. Na takwas ya koma gida. Na nuna masa wani abu da nake so duk mai farawa ya sani: a cikin sauti biyar ɗin nan cikakkun kod biyu ne kaɗai ake iya ginawa ba tare da aro ba, C da Am. Duk wani kod sai ya jawo fa ko ti.

Zama na uku: Asabar 17 ga Fabrairu

Ya zo da sabon abu daga bidiyo. An ce waƙar maino ana rufe ta ne da E mejo kafin a koma Am. Haka yake a littattafan Turai, kuma re ɗin da ke bugun farko na awo na bakwai ma yana shiga da shi. Muka gwada. Amma "ra-ki-yar" a kan re, do, so take tafiya, E mejo kuma yana ɗauke da baƙin maɓallin da ke rabin taki sama da so. Karo ya dawo, amon waƙar ma ya sauya ƙasa gaba ɗaya. Bai kai minti biyar ba muka ajiye shi.

Gardamar gaske a kan awo na uku da na huɗu aka yi ta. Ni na fi son Dm sannan Em, don ɗangon farko ya tsaya a rabin hanya yana jiran na biyu. Haka hannuna ya saba. Shi ya ce hakan ya sa waƙar ta yi nauyi, kamar ana yi wa amarya jaje, alhali cewa ake ta daina kuka. Ya fi son G sannan a dawo Am. Muka ɗauki duka biyun, ya kai gida ya kunna wa Inna da amaryar da ƙannensa mata biyu, bai faɗa musu wanne ne na wa ba. Uku suka zaɓi nasa, ƙaramar ƙanwar ta ce ba ta ji bambanci ba. Aka tafi da nasa. Awo na huɗu bai rufe ba duk da an dawo Am, saboda muryar tana kan mi ne ba la ba, sai ya zama hutu ba kwana ba.

Jerin ƙarshe ya tsaya haka: Am, Am, G, Am, C, C, G, Am. Kod uku, ƙaura biyar.

Saura ti ɗin da ke cikin G, wanda yake gogar do mai wucewa a awo na bakwai. Muka cire shi kawai. Ya riƙa danna so da re, yatsa biyu. Daga nan babu sautin da hannun hagu yake dannawa wanda ba ya cikin biyar ɗin waƙar.

Zama na huɗu da ɗauka: 20 da 24 ga Fabrairu

Ranar Talata aka yi gyaran hannu. Ya saba ɗaga hannu gaba ɗaya daga kod zuwa kod. Na nuna masa cewa daga Am, wato la, do, mi, yatsa ɗaya kawai zai sauke daga la zuwa so ya samu C a juye. Muka kuma hau da kod ɗin zuwa tsakiyar fiyano, domin a can ƙasa sauti uku a cunkushe suna yin laka, bes, wato sautin ƙasa mai kauri, ya riƙe tushen shi kaɗai. A baitoci, inda ake jero dangin amarya da kirarinsu, muka bar Am a kwance, G ya leƙo a awo ɗaya kafin ƙarshen kowane baiti. Kalangu ganga ce mai magana, tana hawa tana sauka da matsin hammata, tana buƙatar fili. A ƙarshe muka sauke fiyanon rabin taki biyu da maɓallin sauya ki, mai ɗaga amon fiyano gaba ɗaya ko ya sauke shi, ta koma inda muryarsa take a ɗaukar Disamba. Yatsunsa suna nan a kan farare, abin da ke fita kuwa Gm ne da B-filat da F.

Ranar Asabar 24 aka ɗauka, da makaɗin kalangu na gaske, ƙannensa biyu suna amshi. Sau huɗu aka ɗauki murya, ta ukun aka riƙe. Gudun bugu 96, kamar ranar farko.

Ranar biki: 1 da 2 ga Maris

An kunna waƙar ranar Juma'a a wajen wuni, ya ce sau shida ya ƙirga. Abin da ya fi ba shi labari a kai ya faru ne daren Asabar wajen kai amarya. Babu lasifika, babu fiyano, ƙawaye da gwaggonni suka ɗauki amshin da tafi tun daga ƙofar gida har mota. Wata ƙanwarsa ta ɗauka a waya, ya kawo mini. Na ɗora a kan ɗaukar 23 ga Disamba, karin ɗaya ne, kuka na hawaye, gari na mutane.

Abin da na gani a lamarin

Mako biyar ya tafi a kan gwaji uku, kwana 11 suka isa gyara. Ba don na fi bidiyoyin ko abokinsa ko manhajar sani ba ne. Dukansu ukun sun fara ne daga kod, babu wanda ya tambayi waƙar inda take kwana. Tambayar nan minti goma ta ci, kuma da an yi ta ranar 6 ga Janairu da jerin farko bai ma samu shiga ba.

Kuskuren da ya fi tsada a wurina shi ne taɓa karin da ya yi. Kod ɗin da bai zauna ba ana sake shi a sakan ɗaya. Karin waƙar Hausa kuwa a ɗaure yake da karin harshe da tsawon wasali, in ka ja shi ma'ana ta biyo. Abin da ya dame ni shi ne dalilinsa: ya yarda cewa abin da ya gani a allo ya fi abin da ya ji a kunnensa daraja. Na ga wannan a wajen samari da yawa masu zuwa situdiyo, kuma yana ɓata waƙoƙi masu kyau tun ba su fita ba. Inna ba ta san Am ba, amma ita ta fara kama ɓarnar, kwana takwas kafin ni.

Kwana ukun kod ɗaya su na fi ba wa muhimmanci a duk abin da muka yi. Su suka sa ya ji da kansa inda ake buƙatar ƙaura, alamominsa na fensir kuma sun yi daidai da abin da takarda ta nuna daga baya. Shi ya sa da muka yi saɓani a awo na huɗu yana da abin tsayawa a kai, kuma nasa zaɓin ya fi nawa dacewa da kalmomin.

Ba zan ce wannan hanya ta rufe komai ba. Kod uku sun ishi wannan waƙa ne saboda sautinta biyar ne kuma tana sauka a kan la, inda cikakken kod yake jira. Bayan ƙaramar Sallah ya kawo mini sabuwa, ta sunan ɗan abokinsa. Shi ya nemo gidanta da kansa kafin ya zo, ya kuma samu daidai: a kan re take kwana. Cikakken kod na re sai da fa, waƙar kuwa ba ta da fa. Mun gwada re da la su biyu, mun gwada ƙara musu so ko mi a tsakani. Ya fi karkata ga mai so, ni ga mai mi, ya tafi da ɗauka biyu zai kunna wa Inna.